Katidid masu gajeren fiffike: dangi ɗaya ne, ko kama ce kawai?

Nura, Ojo

Assalamu alaikum malamaina. Tun da ruwan Satumba ya dawo ake ta turo hotunan katidid, wato ƙwarin nan masu kama da fara masu doguwar eriya, daga gonakin Epe da bakin fadamun Ikorodu, kuma duk wanda fiffikensa bai rufe masa ciki ba sai a rubuta masa "mai gajeren fiffike" a wuce, kamar an gama magana. Tambayata biyu ce. Masu gajeren fiffiken nan reshe guda ne a cikin Tettigoniidae, wato dangin katidid gaba ɗaya? In ba haka ba ne, da me mutum zai fara in an ajiye masa ɗaya a gabansa?

Malam Habu, Agege

Wa alaikumus salam. Ba reshe guda ba ne, za a zo kan wannan. Amma tukuna a tabbatar abin da ke hannu katidid ne, domin da yawa daga cikin hotunan nan fara ce zalla.

Orthoptera, wato rukunin su fara da gyare da katidid, gida biyu ne. Caelifera su ne fara da babe da danginsu, Ensifera kuma su ne gyare da katidid. Eriyar Caelifera gajera ce mai ɗan kauri, gaɓoɓinta ba su kai 30 ba. Ta Ensifera siririya ce ƙwarai, gaɓoɓinta sun haura 30, sau da yawa ma ta fi jikin tsawo. In eriya ta karye, abin da ke yawan faruwa a cikin raga, sai a koma ƙafa. A ƙirga gaɓoɓin tafin ƙafa, wato abin da ke bin ƙwauri har zuwa farce: katidid 4 ne a kowace ƙafa, fara 3, gyare ma 3. Sai kunne. Na katidid da na gyare yana ƙwaurin ƙafar gaba, ƙasa da gwiwa kaɗan. Na fara yana gefen gaɓar ciki ta farko, inda fiffike ke rufewa.

Wadda ta fi ruɗa mutane a nan kudu ita ce Zonocerus variegatus, farar nan mai zanen rawaya da baƙi da ke cinye ganyen rogo. A cikinta akwai masu dogon fiffike, akwai masu gajere, kuma masu gajeren sun fi yawa a damina. Amma 'yar Pyrgomorphidae ce, wani dangin fara, ko hanya ba ta haɗa ta da katidid ba.

Dakta Rakiya, Akoka

Allah ya saka wa Malam. Zan ƙara tarko ɗaya: Gryllacrididae, wani dangi na Ensifera, su ma tafinsu gaɓa 4 ne, eriyarsu doguwa, akwai kuma marasa fiffike a cikinsu. Abin da ke raba su shi ne ƙwaurin gabansu ba dodon kunne.

Yanzu ga inda aka fi faɗawa rami, Nura. Katidid ba ya yin tsutsa. Ɗan da ya fito daga ƙwai kamannin uwarsa gare shi, sai dai ba fiffike, kuma yakan yi saɓa sau 5 zuwa 7 kafin ya balaga. A matakan ƙarshe yana ɗauke da 'yan fukafukai da suka leƙo bayan garkuwar wuya, wato farantin nan mai tauri da ke bayan kai. Duk wanda ya gan shi a lokacin zai rantse mai gajeren fiffike ne, alhali mako biyu ko uku gaba zai tashi da fiffike har ya wuce wutsiya. Conocephalus da Ruspolia da ke cike da ciyawar Legas a wannan watan, 'ya'yansu ne ake ta ɗauka hoto.

Yadda ake bambancewa ba wuya in akwai gilashin ƙara girma na ninki 10. A jikin ɗango, wato ɗan da bai balaga ba, a matakai biyun ƙarshe, fukafukan a juye suke, kamar wanda ya sa riga a baibai: fiffiken baya ne a waje, ya rufe na gaba, sannan gefen da ya kamata ya kalli ƙasa shi ke kallon tsakiyar gadon baya. Siffarsu mai kusurwa uku ce, jijiyoyinsu sun bazu daga tushe ɗaya, ba jijiyoyin gicciye tsakaninsu. A jikin baligi kuwa, ko da fiffiken bai wuce milimita 3 ba, na gaba ne a sama, na baya a ƙarƙashinsa, kuma za ka ga saƙar jijiyoyi.

Nura, Ojo

Dakta, to in fiffiken baya ya ƙanƙance har ba a ganinsa fa? Ta ina zan gane juyin?

Dakta Rakiya, Akoka

Sai ka bar maganar juyi ka nemi alamar balaga. A namiji, fiffiken hagu zai hau kan na dama, ka ga wata jijiya mai kauri ta gitta kusa da tushensa, wurin ya yi tauri. Ɗango ba shi da wannan, shi ya sa ba ya kuka. Duk wanda ka kama yana kuka baligi ne, an gama. A mace sai ka dubi takobin ƙwai, wato tsinin da ke wutsiyarta wanda take sa ƙwai da shi. Macen da ba ta balaga ba tana da shi, wannan ma yana ruɗa mutane, amma nata laushi gare shi, launinsa ɗaya da na jiki, kuma haƙoran bakinsa ba su fito ba. In har yanzu kana shakka, ajiye shi da rai a kwalba mai murfin raga, da ciyawa da ɗan yankan kokwamba, a sa tsinke a tsaye wanda zai rataya a kai. In ba tsinken nan, ranar saɓa zai fito da ƙafafu a murɗe, ka rasa samfurin gaba ɗaya.

Baba Ɗanjuma, Idi-Araba

Na ji duka, amma kada a raina fiffike har haka. Mabuɗan tantancewa da aka yi aiki da su shekara da shekaru da tsawon fiffike suke raba jinsi da jinsi, kuma suna kai mutum gida. Matakin ma ba ɗaya ba ne. Akwai mai cikakken fiffike da ya kai ko ya wuce ƙarshen ciki. Akwai wanda nasa ya tsaya a tsakiyar ciki, biyun suna haɗuwa a gadon baya. Akwai wanda nasa bai kai tsawon garkuwar wuya ba. Akwai wanda ya rage 'yan ɓawo biyu a gefe da gefe, ba sa ko taɓa juna, wannan an fi samun sa a mata. Sai mara fiffike ɗungurungum. Wanda ya rubuta "gajere" kawai bai gaya mana komai ba. A auna tsawon fiffike a raba da tsawon garkuwar wuya, a ba mu lamba.

Dakta Rakiya, Akoka

Baba, Allah ya ƙara girma, a kan awo ba mu da saɓani. Inda na tsaya shi ne mabuɗi daban, dangantaka daban. Mabuɗi hanya ce ta kai ka ga suna, ba ya cewa waɗanda suka faɗo layi ɗaya 'yan uwa ne.

A duba inda gajeren fiffike ya ɓullo a ƙananan dangogin katidid. A Tettigoniinae akwai Anabrus simplex na yammacin Amurka, wanda ke tafiya a ƙasa runduna guda yana cin amfanin gona, da Pholidoptera griseoaptera na Turai. A Phaneropterinae akwai Poecilimon da Isophya na yankin Turkiyya da Girka, da Leptophyes, sannan can Meziko da jihar Tekzas akwai Dichopetala da 'yan uwansa. A Bradyporinae akwai Ephippiger. A Conocephalinae akwai Conocephalus dorsalis a Turai da Conocephalus brevipennis a Amurka, alhali Conocephalus conocephalus da Conocephalus maculatus da muke da su a nan dogon fiffike gare su. Jinsi ɗaya ke nan fa, wasu gajere wasu dogo. Hetrodinae namu na Afirka kuwa duk gidan ba mai tashi.

Binciken DNA da Mugleston da abokan aikinsa suka fitar a 2013, suka faɗaɗa a 2018, ya nuna ko ƙananan dangogin da muka gada ma da yawansu ba tsatso ɗaya ba ne, kamannin jiki ne ya sa aka tara su wuri guda. In siffa irin ta kwaikwayon ganye ta ɓullo fiye da sau ɗaya, ina ga rage fiffike, wanda shi rashi ne kawai? Rasa abu ya fi ƙera shi sauƙi.

Dichopetala ɗin ma misali ne mai kyau. Brunner von Wattenwyl ne ya kafa jinsin a 1878, aka yi ta zuba masa duk wani ɗan Phaneropterinae mai gajeren fiffike na wancan yanki. A 2014 Cohn da Swanson da Fontana suka zauna a kan al'aurar mazan, suka tarar ba jinsi ɗaya ba ne, suka fitar da sababbi irin su Obolopteryx da Planipollex.

Baba Ɗanjuma, Idi-Araba

To ai da ido da maikuroskof suka raba su, 'yata, ba da DNA ba. Kin ga maganata ba ta faɗi ba. Jiki na faɗin gaskiya in an san inda za a duba.

Malam Habu, Agege

Ku biyun kun haɗu ba ku sani ba. Amma akwai abin da ke karya mabuɗin fiffike ko a cikin nau'i ɗaya. Roeseliana roeselii na Turai yawanci gajeren fiffike ne, amma in 'ya'yan sun taso a cunkushe sai a sami wasu da cikakken fiffike suna tashi. Conocephalus dorsalis ma yana fitar da irin wannan jefi-jefi. Wanda ya kama mai dogon ya bi mabuɗi a makance zai faɗa wani suna daban.

Dalilin rage fiffiken ma an bincike shi sosai a gyare, musamman Gryllus firmus. Tsokar tashi tana cin abinci ko ba a tashi ba. Macen da ba ta gina ta ba takan fara ƙwai da wuri, ta kuma yi da yawa. A wurin da ciyawa ba ta ƙarewa, ko kan dutse da iska ke kwashe mai tashi, zama a ƙasa riba ce.

Sabi'u, Mile 12

Malam, to me ya hana namijin ya yar da fiffiken gaba ɗaya, tun da ba tashi zai yi ba?

Injiniya Tukur, Obalende

Domin da shi yake kiran mace, Sabi'u. Bari in buɗe wannan, nan ne daɗin abin yake.

A ƙarƙashin fiffiken hagu, kusa da tushe, akwai jijiya ɗaya da ta yi kauri ta fitar da haƙora a jere. Magagari ke nan. A gefen ciki na fiffiken dama akwai wani baki mai tauri da ke kankarar haƙoran idan fukafukan na rufewa. Kusa da shi, a fiffiken daman dai, akwai fata siririya garai-garai da jijiya ta kewaye, ana ce mata madubi, ita ke karkarwa ta fitar da sautin. A gyare abin a juye yake, yawanci dama ce ke hawa kan hagu, kuma fukafukan biyu kusan iri ɗaya ne. A katidid hagu da dama sun bambanta sarai.

To idan nau'i ya rage fiffike, ɓangaren tashi ne ke tafiya, wannan kusurwar ta kuka ita ke saura. Shi ya sa za ka ga namiji da ɗan fiffike zagayayye wanda kusan dukkansa magagari ne da madubi, macen kuma ba ta da komai sai ɓawo. A Ephippiger da Hetrodinae garkuwar wuya ta ɗaga ta baya ta yi rumfa a kan fukafukan, tana kare su, tana kuma taimaka wa sautin fita. In ba ka ɗaga bayan garkuwar ka leƙa ba sai ka ce ba fiffike.

Ƙaramin madubi yakan ba da sauti mai tsini. Kunnen mutum a kilohaz 20 yake tsayawa, wato karkarwa dubu 20 a daƙiƙa, na manya ma ba ya kaiwa nan. Leptophyes punctatissima wajen kilohaz 40 yake kuka, mutum na tsaye kansa bai ji komai ba. Supersonus, wanda aka bayyana a 2014 daga dazuzzukan Kolombiya da Ekwado, fiffikensa ɗan mitsitsi ne, kukansa na kaiwa kilohaz 150.

Wannan ya shafi masu naɗar sauti da waya. Yawancin wayoyi a kilohaz 44.1 ko 48 suke ɗauka, kuma abin da na'ura ke iya riƙewa rabin wannan ne, wato 22 zuwa 24. Abin da ya haura nan bai shiga ba. Za ka iya samun tsarin bugun kukan, yawan bugu a daƙiƙa da tazarar da ke tsakani, amma kada ka ce ka auna tsinin sautin. Mai son wannan sai ya nemi na'urar sauraren jemage, ko makirufo mai ɗaukar kilohaz 192 zuwa sama. Kuma a rubuta zafin wurin a daidai lokacin, domin bugun na ƙara sauri in zafi ya ƙaru. Naɗin da ba ma'aunin zafi a jikinsa ba ya kwatantuwa da na kowa.

Dakta Rakiya, Akoka

Injiniya, ƙari kaɗan kan mata. Ba duka ne bebaye ba. A Phaneropterinae da yawa mace na amsa wa namiji da ɗan ƙyas guda, cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, sai shi ya bi amsar ya same ta. Nata kayan kukan ba irin na namiji ba ne, 'yan ƙayoyi ne a saman fiffiken dama. A Ephippiger ma matan na kuka. Saboda haka kada a ga alamar kuka a yanke cewa namiji ne, a juya a dubi wutsiya.

Kunnen ma ba dodon da ke ƙwauri ne kaɗai ba. A gefen ƙirji, ƙarƙashin gefen garkuwar wuya, akwai wata ƙofa babba. Daga ita bututun iska ya bi ta cikin cinyar gaba ya sauka har bayan dodon kunnen, don haka sauti na bugun fatar ta waje da ta ciki. Girman ƙofar nan, da ko garkuwa ta rufe ta ko ba ta rufe ba, abin dubawa ne wajen raba dangi. A Pseudophyllinae ƙarama ce a fili, a Phaneropterinae da Conocephalinae babba ce.

Nura, Ojo

To in fiffike ba zai kai ni ƙaramin dangi ba, me zai kai ni?

Baba Ɗanjuma, Idi-Araba

Kwantar da shi a gefe ƙarƙashin maikuroskof, ka fara da tafin ƙafa. Dubi gaɓa ta farko da ta biyu daga gefe. In sumul suke ba tsagi, Phaneropterinae ne kusan tabbas. In akwai tsagi a gefen, ka fita daga gidan. Wannan alamar ba ruwanta da fiffike, shi ya sa nake son ta.

Daga nan dodon kunne. A Phaneropterinae da yawa a buɗe yake, kana ganin fatar. A wasunsu gefe ɗaya buɗe, ɗayan a rufe. A Conocephalinae da Tettigoniinae fata ta rufe shi, tsaga kawai ta rage. Ragge na gidan adana kayan tarihin halitta na Landan da wannan alamar ya ware rukunin da ya yi wa bita a 1980, na Phaneropterinae ɗin Afirka masu buɗaɗɗen kunne, kuma har gobe da aikinsa ake farawa.

Sai ka kifar da shi ka dubi tsakanin ƙafafun gaba. Ƙayoyi biyu a nan abu ne da aka saba gani a Conocephalinae, Phaneropterinae kuwa ba su da su. Dubi goshi tsakanin eriya biyu: Ruspolia tsininsa ya fito gaba, fuskar ta karkata baya sosai. Dubi ramin da eriya ta fito, in bakinsa ya ɗaga ya yi ganuwa, ka tuna Pseudophyllinae. In kuwa eriyar ta fito can ƙasa, daidai ko ƙasa da gindin ido, jiki ƙato, kai zagayayye, garkuwa duk ƙaya, to Hetrodinae ke hannunka. A tafin ƙafar baya, ƙarƙashin gaɓa ta farko, Tettigoniinae na da 'yan leɓɓa biyu masu motsi.

Takobin mace ma na magana. Ɓawo 6 ne suka haɗu suka yi shi, uku-uku, a matse ta gefe, saɓanin na gyare da ke da siffar allura. Na Conocephalus miƙaƙƙe ne ko mai ɗan lanƙwasa, don cikin kara da kuben ganyen ciyawa take sa ƙwai. Na Phaneropterinae gajere ne mai faɗi, ya lanƙwashe sama, da yawansu tsakanin fatun ganye suke cusa ƙwan. Masu gajeren fiffiken cikinsu, irin su Poecilimon da Isophya, bakin takobinsu na da manyan haƙora, kuma galibi a ƙasa suke binnewa.

Sunan nau'i kuwa sai da namiji baligi. Ƙahonin wutsiyarsa guda biyu, da inda haƙorin cikinsu ya fito, a tushe ko tsakiya ko kusa da baki, da siffar gaɓar baya ta 10, da farantin ƙarƙashin wutsiya, tsagarsa da ko yana da 'yan tsinke biyu. A Conocephalus haƙorin ƙahon nan shi ne kusan komai. Hoton da aka ɗauka daga sama kawai, ba wutsiya, ba wanda zai ba ka suna da shi sai mai cika baki.

Sabi'u, Mile 12

Tun da Baba ya ambaci Hetrodinae, ga abin da ya shafi mu 'yan kasuwa. Motocin gwari na shigowa nan daga arewa dare da rana, da kwandunan tumatir da buhunan tattasai da ganyen da ake shimfiɗa musu. Ƙwari na biyo kaya. Abin da aka tsinta a tsakanin kwanduna a Mile 12 ko a Alaba Rago cikin harawar dabbobi, kada a rubuta masa Legas a takarda kamar nan ya tashi. A rubuta an same shi cikin kaya, da inda motar ta yi lodi in an sani. Abin da ba ya tashi ba ya yin nisa da ƙafarsa, don haka wurin kamu rabin shaidarsa ne. Takarda ɗaya ta ƙarya sai ta sa a zana taswirar nau'in ba daidai ba.

Malam Habu, Agege

Wannan magana ce, Sabi'u. A Afirka ta Yamma Gymnoproctus muke da shi daga wannan gidan, Cosmoderus kuma a dazuzzukan Kamaru. Eugaster na Maroko da Aljeriya ne, Acanthoplus discoidalis kuma na kudancin Afirka, inda yake ɓarna a dawa da gero a Botswana da Namibiya. In an kama su sukan fitar da jini ta gaɓar gindin ƙafa, da gangan, don korar mai cinsu. Ba rauni ka ji masa ba. A wanke hannu dai kafin a taɓa ido, kuma a kiyayi bakinsa, yana cizo.

Rashin tashin nan ne ya sa nau'o'insu ke yawa a kan duwatsu. Aikin Claudia Hemp a Kilimanjaro da duwatsun gabashin Tanzaniya ya fito da nau'o'i marasa tashi da kowanne dutsensa daban. Ni a ganina mai neman sabon abu a ƙasar nan Obudu da Mambila ya kamata ya nufa, ba ciyawar bakin titin Badagry ba.

Hajiya Larai, Ikorodu

Duk wannan bayanin sai samfurin ya kai teburi lafiya, kuma damshin Legas ba ya wasa.

An ce da sanyin safiya ake kama fara, to wannan dai da dare ne. Tocilar goshi, daga bayan magariba zuwa wajen sha ɗaya, a bi ganye a hankali. Marasa tashi ba sa zuwa fitila, dole a je musu. In sun ji motsi faɗowa suke yi cikin ciyawa, saboda haka a tara raga ko lema a ƙasa kafin a taɓa reshen. Kada a kama ƙafar baya ɗaya, zai sake ta a gaɓar gindin cinya ya bar ka da ita. A riƙe ƙirji ta gefe biyu. Kowanne kwalbarsa, in an haɗa su kafin gari ya waye wani ya ci wani. Wuri irin gandun Lekki kuwa hoto kawai, ba a ɗaukar komai sai da izini.

Hoto tun yana da rai: gefe, sama, fuska, wutsiya, da rula a kusa. Koren nan ba ya zama. A itanol cikin 'yan kwanaki yake komawa rawaya, itil asitet ma na ɓata shi in ya daɗe a kwalbar. Firiza ta fi, kwana ɗaya cur, amma a tabbatar wuta ta tsaya, in ba haka ba manyan sukan farfaɗo a kan allura.

Manya sai an fede su, in ba haka ba cikin zai ruɓe ya yi baƙi kafin ya bushe. Da ƙaramin almakashi a tsaga fatar gefen ciki daga tushe, a tsaya kafin gaɓoɓi ukun ƙarshe, nan ne kayan tantancewa suke. A zaro hanji da hantsaki mai siririn baki, kada a kankare bangon ciki, launin a jikinsa yake. A barbaɗa garin boraks da hoda, a cusa auduga daidai yadda cikin yake tun farko. Allura mai lamba 3, ta bayan garkuwar wuya, dama da tsakiya kaɗan. A mai gajeren fiffike a kula sosai, domin madubin na nan daidai ƙarƙashin bayan garkuwar, allurar da ta karkata za ta huda shi. Gara a matsa gaba kaɗan.

Bushewa a akwati mai rufuwa ruf da silika, ko zafin da bai wuce digiri 40 ba. Iskar ɗaki a watan Yuni fumfuna kawai za ta kawo. Kafur a kusurwar akwati saboda kiyashi, a daure shi kada ya yi yawo ya karya eriya.

Injiniya Tukur, Obalende

Hajiya, ga ƙanana da 'ya'ya ni itanol na fi so, kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Bushewa na motsar da cikinsu har ba a gane farantin wutsiya. A dai canza ruwan bayan kwana ɗaya, don ruwan jikinsu na tsinka shi, a kuma rubuta takarda da fensir a jefa ciki.

Shi ya sa ma tsawon jiki ba abin dogaro ba ne a awo. Mace mai ƙwai cikinta ya miƙe, busasshe ya tsuke. A auna garkuwar wuya, cinyar baya, fiffike da takobi, waɗannan ba sa canzawa. Haƙoran magagari kuma, in ba a son cire fiffiken, a ɗaga shi a shafa fentin farce mara launi a ƙarƙashi, ya bushe, a ɓare a ɗora kan gilashi. Ninki 40 zuwa sama ake ƙirgawa. A rubuta yawan haƙora da tsawon magagarin duka biyu, da ko haƙoran sun fi cunkushewa a gefe ɗaya.

Nura, Ojo

Akwai hoton wata mace da wani farin abu mai danƙo manne a gindin takobinta. Cuta ce ko ƙwai?

Dakta Rakiya, Akoka

Ko ɗaya. Kyautar namiji ce bayan barbara. Kashi biyu ne: ƙaramar jakar maniyyi da ke manne a ƙofar, da babban dunƙulen da macen ke lanƙwasowa ta ci. Kafin ta gama cin dunƙulen maniyyin ya shige. A Ephippiger nauyinsa na kaiwa wajen kashi 30 cikin 100 na jikin namijin. Amfaninsa gare ka shi ne ya tabbatar macen baliga ce, kuma in an kama ta tare da namijin, ka sami shaidar cewa su biyun nau'i ɗaya ne. A masu gajeren fiffike, inda mace da namiji ba sa kama da juna, wannan shaidar tsada gare ta. A ba su lamba ɗaya.

Wasu dangogin, musamman Tettigoniinae, suna da 'yan tsinkaye biyu masu tauri da ƙaya a cikin al'aurar namiji. A jiƙa wutsiyar ta yi laushi, a zaro su, a sa a ruwan KOH, wato sinadarin potassium hydroxide, mai kashi 10 cikin 100 har naman ya narke, a ɗauraye, a ajiye a gilisarin cikin 'yar kwalba a soke a allurar samfurin. In an bar su sun kwana a KOH mai ɗumi sai su yi fari fat, ƙayoyin su ɓace wa ido.

Baba Ɗanjuma, Idi-Araba

Mai shiga tsofaffin takardu ya kula. Karsch na Balin, wanda ya bayyana ƙwarin Kamaru da Togo da yawa a ƙarshen ƙarni na 19, da Brunner na Biyana, Locustidae ko Locustodea suke kiran katidid. Yau Locusta sunan farar ɗango mai ƙaura ne, can cikin Caelifera. Kowane tsohon suna a duba shi a Orthoptera Species File a intanet kafin a rubuta, a nan za a ga sunan da ke aiki yanzu da gidan da samfurin asali yake, sau da yawa har da hotonsa.

Sabi'u, Mile 12

Don DNA wace ƙafa ake cirewa? Na ga wasu na cewa ta baya, ta fi nama.

Hajiya Larai, Ikorodu

Ta fi nama, amma da cinyarta ake awo, kuma da yawa sun riga sun yar da ɗaya wajen kamu. Ta gaba kuma kunne ke jikinta. Ta tsakiya ake cirewa, ta gefen dama, a bar hagu cikakke don hoto. A cire ta kafin samfurin ya shiga KOH ko zafi, a jefa a itanol mai kashi 95 zuwa sama, lambarta ɗaya da ta allurar, a ajiye a firiza.